PowerShell Ya Ce Bai San Git Ba

Tambaya: Malam, na saka Git a kwamfutata mai Windows, amma PowerShell ya ce bai san shi ba. Ta abokina mai Ubuntu kuwa lafiya lau. Ɗalibi, daga Tambuwal.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, kwamfutarka ƙalau take. Rufe PowerShell ka sake buɗewa, don tagar da ke buɗe tun kafin sakawa ba ta ganin sabon PATH, wato jerin wuraren da ake neman manhaja. Sannan rubuta git --version. In ya ƙi, gwada winget install Git.Git. Kada ka ari umarnin abokinka, sudo apt install git, na Ubuntu ne. In data ta yi ƙaranci, sauke fayil ɗin saka Git sau ɗaya daga git-scm.com, ku raba a filashi da sauran masu Windows.