Darasi na 14: Rediyon Hannu na Matuƙan Jirgin Sama

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya: (a) bayyana yadda matuƙin jirgin sama yake magana da jami'an da ke ƙasa, (b) faɗin amfanin rediyon hannu da ƙa'idojin aiki da shi, (c) yin amfani da jimlolin umarni da na hani daidai.

Karatu

Mazauna Kado da maƙwabtansu na Jabi da Gwarinpa sun saba ganin jiragen sama suna ratsa samaniyar Abuja dare da rana. Wasu jiragen suna shirin sauka ne a Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe, wasu kuma sun tashi sun nufi Kano ko Legas ko ƙasashen waje. A sararin sama babu kwalta, babu fitilar ba da hannu, babu ɗan sanda a mahaɗar hanya. To, me yake hana waɗannan jirage yin karo da juna? Babban abin da yake hana su shi ne magana. Kowane matuƙi yana magana ta rediyo da jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama, su kuma suna gaya masa tsayin da zai bi, da inda zai juya, da lokacin da zai sauka.

Tarihin jirgin sama a Nijeriya ya faro ne daga Kano. A watan Nuwamba na shekarar 1925 jirage uku na sojojin saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a birnin. A wancan zamani matuƙi ya fi dogara da idonsa da taswira da kamfas. Da jirage suka yawaita, sai ya zama wajibi a tsara yadda za su riƙa tafiya. A shekarar 1944 ƙasashe suka taru a birnin Chicago na Amurka suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, wadda hedkwatarta take Montreal a ƙasar Kanada. A Nijeriya kuwa, hukumar NAMA, wadda aka kafa da dokar shekarar 1999, ita ce take kula da sararin samaniyar ƙasa. Ana horar da matuƙa da jami'an hasumiya a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

*Zangon jiragen sama*

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo ya san cewa tashoshin FM suna ƙarewa ne a kan megahaz 108. Daga nan zuwa sama an keɓe wa jiragen sama. Tsakanin 108 da 118 na'urorin nuna hanya ne suke aiki, daga 118 zuwa 137 kuma muryoyin matuƙa da na jami'an ƙasa ake ji. Kowace hasumiya tana da nata zango, kamar yadda kowace tashar rediyo take da nata. Akwai zango ɗaya da duniya baki ɗaya ta ware domin neman agaji, shi ne 121.5.

Saƙon da ake aikawa a wannan zango yana tafiya ne kai tsaye kamar haske. Ba ya ratsa dutse, ba ya kuma bin lanƙwasar ƙasa. Saboda haka, gwargwadon nisan jirgi a sama, gwargwadon nisan da muryar matuƙinsa za ta kai. Jirgin da ya kai tsayin mita 3,000 ana iya jin sa daga nisan kilomita 200. Wannan ne dalilin da ya sa mai sauraro da ke zaune a unguwa irin Kado sau da yawa yakan ji muryar matuƙi tangaram, amma ba ya jin amsar jami'in hasumiya. Jami'in yana ƙasa, kuma tsaunuka da gine-gine sun shiga tsakaninsu.

*Rediyon hannu*

Kowane jirgi yana da rediyo da aka kafa a gaban matuƙi, wanda yake aiki da lantarkin jirgin. Ban da wannan, akwai ƙaramin rediyo da ake riƙewa a hannu, mai kama da oba-oba ta jami'an tsaro. Yana da batir nasa, da gajeriyar eriya, da madannin lambobi, da wani maɓalli a gefe wanda ake dannawa idan za a yi magana. Kamfanonin Icom da Yaesu na ƙasar Japan suna cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙera shi.

Amfaninsa na farko shi ne tanadi. Idan lantarkin ƙaramin jirgi ya ɗauke, babban rediyon yakan mutu tare da shi. A irin wannan hali matuƙi zai ciro na hannu daga jakarsa ya ci gaba da magana da hasumiya. Ƙarfinsa bai kai na babban ba, muryarsa kuma ba ta zuwa nesa sosai, musamman daga cikin jirgi, amma takan isa a nemi izinin sauka idan an kusanci fili. Amfani na biyu shi ne koyo: ɗaliban tuƙin jirgi sukan saurari zancen ƙwararru domin kunnensu ya saba. Na uku, ma'aikatan da ke aiki a kusa da titin jirgi suna riƙe shi don su san jirgin da ke tafe.

Idan rediyo ya mutu gaba ɗaya, akwai sauran dabara. Matuƙi zai sa lamba 7600 a wata na'ura da ke nuna jirginsa a allon jami'ai, su kuma nan take za su gane cewa ba ya jin su. Daga nan sai su yi masa magana da fitila daga hasumiya. Koren haske da ya tsaya bai ƙifta ba yana nufin an ba shi izinin sauka. Jan haske da ya tsaya yana nufin ya ba wani jirgi hanya, ya ci gaba da kewayawa.

*Ƙa'idojin magana*

Rediyon jirgi ba kamar wayar salula ba ne, inda mutum biyu za su iya magana a lokaci guda. Mutum ɗaya ne yake magana, sauran duk suna saurare. Idan mutum biyu suka danna maɓalli tare, muryoyinsu sukan cakuɗe su zama wata ƙara mai kama da fito, ba a fahimtar ko ɗaya daga cikinsu.

Wannan matsala tana cikin abubuwan da suka jawo hatsari mafi muni a tarihin jiragen sama. Ranar 27 ga Maris, 1977, hazo ya rufe wani filin jirgi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen. Manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suna kan titi ɗaya, ba sa ganin juna. Matuƙin na farko ya ɗauka an ba shi izinin tashi, sai ya fara gudu. Jami'in hasumiya ya ce masa ya dakata, a daidai lokacin kuma matuƙan jirgi na biyu suka ce har yanzu suna kan titin. Saƙonnin biyu suka haɗu suka zama ƙara, gargaɗin bai isa kunnen wanda ake nufi ba. Jiragen suka yi karo, mutum 583 suka rasa rayukansu.

Bayan wannan masifa an ƙara tsaurara ƙa'idojin magana a duniya. Ga muhimmai daga cikin waɗanda ake bi a yau. Da farko, matuƙi yakan saurara kafin ya danna maɓalli, don kada ya katse wani. Na biyu, yakan faɗi wanda yake kira, da lambar jirginsa, da inda yake, da abin da yake buƙata, a taƙaice. Na uku, idan an ba shi umarni mai muhimmanci, dole ne ya maimaita shi da bakinsa, domin jami'i ya tabbatar an ji daidai. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wannan aiki kuwa, ji kaɗai bai wadatar ba, sai an nuna cewa an ji.

Turanci ne harshen da aka amince da shi a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, kuma tun daga 2008 ake buƙatar matuƙa da jami'an da ke wannan aiki su ci jarrabawar ƙwarewa a cikinsa. Yawancinsu ba harshen iyayensu ba ne. Sun koye shi ne kamar yadda kuke koyon Hausa. Domin a rage kuskure, kowane harafi yana da kalmar da ake kiransa da ita: A shi ne *Alfa*, B *Bravo*, D *Delta*, N kuma *November*. Alamar filin jirgin Abuja ita ce DNAA, ta Kano kuma DNKN. Lambar kowane jirgin da aka yi wa rajista a Nijeriya tana farawa da 5N, ta Jamhuriyar Nijar kuma da 5U. Idan rai yana cikin hatsari, matuƙi yakan faɗi kalmar *Mayday* sau uku. Asalinta Faransanci ne, ma'anarta kuma neman taimako. Da zarar an ji ta, kowa zai yi shiru ya bar masa zangon.

*Masu sauraro*

A ƙasashe da dama akwai masu sha'awar jirage waɗanda suke sayen rediyo mai karɓar saƙo kawai, su zauna suna sauraron zancen matuƙa. Dokar sauraro ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka wajibi ne mutum ya nemi sanin dokar inda yake tukuna. Yin magana a zangon jirage ba tare da izinin hukuma ba kuwa babban laifi ne. Wasan minti ɗaya yana iya toshe umarnin da rayukan ɗaruruwan fasinjoji suka rataya a kansa.

Misalin zance

Ga ma'anar irin zancen da ake yi kafin sauka. Titin filin jirgin Abuja ana kiransa 22 daga ɓangare ɗaya, 04 daga ɗaya ɓangaren, gwargwadon alƙiblar da jirgi ya fuskanta.

Matuƙi: Hasumiyar Abuja, jirgi mai lamba kaza ne. Ina mil 8 daga fili, ina neman izinin sauka.

Jami'i: Jirgi mai lamba kaza, ci gaba da matsowa. Kada ka sauka tukuna, akwai jirgi a kan titi.

Matuƙi: Zan ci gaba da matsowa, ba zan sauka ba tukuna. Jirgi mai lamba kaza.

Jami'i: Jirgi mai lamba kaza, an ba ka izinin sauka a titi na 22.

Matuƙi: An ba ni izinin sauka a titi na 22. Jirgi mai lamba kaza.

Sababbin kalmomi

matuƙi: mai tuƙa jirgi ko mota (mace: matuƙiya, jam'i: matuƙa)

hasumiya: dogon gini wanda ake hango nesa daga samansa

zango: a nan, wurin da ake kama tasha a rediyo

maɓalli: abin da ake dannawa don kunna na'ura ko kashe ta

tanadi: ajiye abu domin ranar buƙata

tangaram: sarai, ba tare da wata ƙara ba

hazo: ƙura ko tururi da ke hana ganin nesa

gargaɗi: jan kunne game da hatsari

Nahawu: umarni da hani

Ana ba mutum ɗaya umarni kai tsaye da aikatau shi kaɗai: *Dakata! Saurara! Sauka!* Ana kuma sa wakilin suna a gaban aikatau: *ka dakata* (namiji), *ki dakata* (mace), *ku dakata* (jam'i). Idan ana magana da babba, ladabi ya fi cika a ce *ku dakata* ko *a dakata*, a kuma haɗa da *don Allah*.

Ana yin hani da *kada* ko *kar*, sannan wakilin suna ya biyo baya: *kada ka sauka, kada ki danna, kada ku katse shi.* A lura cewa jimlar hani ba ta ɗaukar *ba* a ƙarshenta. Kuskure ne a ce *kada ka sauka ba.*

Auna fahimta

1. A wace shekara jiragen sama suka fara sauka a Kano, kuma daga ina suka taso?
2. Me ya sa mai sauraro a Kado yakan ji matuƙi amma ba ya jin hasumiya?
3. Kawo amfani uku na rediyon hannu.
4. Me yake faruwa idan mutum biyu suka danna maɓalli a lokaci guda?
5. Don me matuƙi yake maimaita umarnin da aka ba shi?
6. Bayyana ma'anar karin maganar da ta zo a cikin karatun, da dangantakarta da aikin matuƙi.

Aikin aji

(a) Mayar da waɗannan jimloli zuwa hani: *Ki juya dama. Ku tashi yanzu. Ka kashe rediyon. A buɗe ƙofa.*

(b) Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama jami'i, ɗaya matuƙi. Jami'i ya ba da umarni uku a jere, kowanne da lamba a cikinsa, matuƙi kuma ya maimaita su ba tare da ya rubuta ba. Sannan ku yi musaya.

Jinga

Rubuta sakin layi biyu a kan wani aiki a unguwarku wanda rashin fahimtar saƙo zai iya jawo asara a cikinsa, kamar aikin asibiti, ko tuƙin mota, ko ciniki a kasuwa. Yi amfani da jimlolin umarni uku da na hani uku.