Darasin Kula da Kadarori: Manaja a Bakin Get ko Manaja a Cikin Waya?

Duk wanda ya taɓa zaman hostel ya san hargitsin ranar da aka gama jarrabawar ƙarshen zango. An ce kowa ya kwashe nasa ya nasa, ga katifa, ga risho, ga bokiti da akwati, kuma kuɗin motar da ya rage a aljihu ba zai kai su gida ba. Wani ya kai gidan abokinsa ɗan gari, wani ya roƙi mai shago a bakin get, wani kuwa ya bar su a ɗaki ya ce Allah ya tsare. To, a wasu ƙasashe irin wannan matsalar ce ta haifi babbar sana'a, wato hayar ɗakunan ajiya. Yau za mu duba muhawarar da masu wannan sana'a ke yi: a zaunar da manaja a wurin, ko a gudanar da komai daga nesa? 'Yan sashen kula da kadarori da 'yan nazarin kasuwanci, ku gyara zama. Sauran ma kada ku juya shafi, domin maganar ta shafi aikin da za mu nema bayan mun karɓi difloma.

Mece ce sana'ar?

Mutum ne zai gina jerin ƙananan ɗakuna masu ƙofar ƙarfe, ya kewaye su da katanga, ya riƙa ba da su haya wata-wata. Kai za ka kawo kayanka, kai za ka shirya su, kai za ka sa kwaɗonka ka tafi da makulli. A Amurka, inda sana'ar ta fi ƙarfi, ana auna ɗakunan da ƙafa: akwai 5 sau 5, akwai 10 sau 10 (kimanin murabba'in mita 9), har zuwa 10 sau 30 wanda mota ma za ta shige. Irin ginin da aka sani yau ya fara bayyana a jihar Texas a shekarun 1960. A 1972 B. Wayne Hughes da Kenneth Volk suka kafa kamfanin Public Storage a Kalifoniya, a 2023 kuma Extra Space Storage ya haɗe da Life Storage, ya tashi da rassa fiye da 3,500. A Ingila akwai irin su Big Yellow da Safestore.

Ku riƙe wannan da kyau, domin malamai na son tambayarsa: mai wurin ba ajiyar amana ya karɓa ba, wuri ya ba da haya. Bai ƙirga kayanka ba, bai san me ke cikin kwalayenka ba, ba shi da makullinka. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke sharɗanta wa ɗan haya ya yi wa kayansa inshora. Shi ya sa kuma tun asali sana'ar ba ta cin ma'aikata da yawa, har ake iya tunanin gudanar da ita babu kowa a ofis.

Su wa ke haya? Galibi mutanen da rayuwa ta juya musu: an yi rasuwa an rasa inda za a kai kayan mamaci, aure ya mutu, an yi wa mutum canjin wurin aiki, ko ya koma ƙaramin gida. Sai ɗalibai, sojoji, da ƙananan 'yan kasuwa. Kada ku manta da wannan, za mu dawo kansa.

Hanya ta farko: manaja a wurin

A tsohon tsari, manaja a cikin harabar yake kwana. Ana gina masa gida a jikin ofis, sau da yawa ma mata da miji ne da suka yi ritaya ake ɗauka. Yanzu an fi samun mai zuwa da safe ya tashi da yamma. Aikinsa kuwa ya wuce karɓar kuɗi. Da safe zai zagaya ya duba kwaɗo ɗaya bayan ɗaya. Shi zai nuna wa baƙo ɗaki, ya ba shi shawarar girman da zai ishe shi, ya duba katin shaidarsa, ya sa shi sa hannu a yarjejeniya. Shi zai share ɗakin da aka tashi, ya sayar da kwalaye da kwaɗuna, ya kira wanda bai biya ba.

Amfanin wannan a fili yake, gani ya kori ji. Matsalarsa kuma kuɗi ne: albashi, alawus, hutu, da wanda zai riƙe wurin ranar da manajan ba shi da lafiya. Ga shi ofis na rufewa da yamma, alhali mai neman ɗaki yana iya tasowa ƙarfe goma na dare. Idan kuma aka yi rashin sa'ar manaja, an ba kura ajiyar nama: yana iya ba da ɗaki haya a ɓoye ya zuba kuɗin a aljihu, a takarda kuma a ga ɗakin babu kowa.

Hanya ta biyu: gudanarwa daga nesa

A nan ofis a kulle yake, ko ma babu shi. Kwastoma zai shiga shafin intanet, ya zaɓi ɗaki, ya ɗora hoton katin shaidarsa, ya sa hannu ta waya, ya biya da katin banki. Nan take za a turo masa lambar sirrin buɗe get. Wasu wuraren suna da na'ura mai kama da ATM a bakin ƙofa, wadda ake yin duk wannan a kanta. Wasu kuma sun sa makullan zamani, irin su Nokē na kamfanin Janus International, waɗanda ake buɗewa da manhajar waya. Kyamarori na kallon harabar dare da rana, idan kuma mutum ya maƙale sai ya kira cibiyar amsa waya da ke wani gari, inda ma'aikaci ɗaya ke kula da wurare da dama.

Tsarin ya daɗe yana tafiya a hankali, amma annobar korona ta 2020 ce ta hanzarta shi. Mutane ba sa son cuɗanya, kamfanoni suka buɗe hanyar kama haya ba tare da an ga kowa ba, bayan annobar ta lafa kuma kwastomomi da yawa ba su koma tsohuwar hanya ba.

Sai dai kada sunan ya ruɗe ku. Babu wurin da ke tafiya babu ɗan Adam sam. Dole a sami wanda zai riƙa leƙawa sau ɗaya ko biyu a mako, ya share, ya duba ƙofofi, ya gyara abin da ya lalace. Abin da aka cire shi ne zaman dirshan, ba mutum ba.

Mu zo lissafi

Ku ɗauko biro. Waɗannan lambobi na misali ne, na ƙaddara su don a ga yadda ake tunanin. A ce akwai ƙaramin wuri mai ɗakuna 100, an kama 80, kowanne dala 100 a wata. Kuɗin shiga dala 8,000 ke nan. A ce manaja da duk ɗawainiyarsa na cin dala 3,200. Ka ga kashi 40 cikin 100 ya tafi kafin a biya haraji, wuta ko bashin banki. Yanzu a ce babban wuri ne mai ɗakuna 600, an kama 480. Kuɗin shiga dala 48,000, manajan nan kuma bai kai kashi 7 cikin 100 ba.

To, a ce an koma gudanarwa daga nesa, kuɗin manhaja da cibiyar waya da mai leƙawa suka tashi dala 1,200. An rage dala 2,000 a wata, daidai da hayar ɗakuna 20. Tambayar da mai hankali zai yi ita ce: rashin manaja zai iya jawo mini asarar 'yan haya 20? A ƙaramin wurin, sai ɗaya cikin kowane huɗu ya tashi kafin ribar ta ƙare, abin da ke da wuyar faruwa. A babban wurin kuwa, 20 cikin 480 kashi 4 ne kacal da 'yan kai, kuma 'yan ƙorafe-ƙorafen da ba a kula da su ba sun isa su kore su. Shi ya sa tsarin nesa ya fi karɓar ƙananan wurare, musamman na ƙananan garuruwa, manya kuma suka fi riƙe ma'aikaci. Kada kuma a manta da jarin farko: get mai lamba, kyamarori da makullan zamani ba kyauta ake sa su ba.

Abin da kyamara ba ta gani

Kyamara na ɗaukar hoto, amma ba ta jin wari. Ba za ta ji ƙaurin fetur daga ɗakin wanda ya karya doka ya ajiye jarkoki ba, ba za ta ji warin abincin da ya ruɓe ya tara ɓeraye ba. Ba ta hango rufin da ke ɗiga a kan littattafan wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai in yana shiga ɗakin. Akwai kuma marasa galihu da ke kama ɗaki su riƙa kwana a ciki, abin da yarjejeniya ta hana saboda haɗarin gobara da rashin iska. Manajan da ke wurin zai gane cikin 'yan kwanaki.

Ɓarayi ma suna da dabara. Wani zai kama ɗaki mafi araha don kawai ya sami lambar get. Wani zai bi bayan motar kwastoma ya shige kafin get ya rufe. Wani zai yanke kwaɗon mutum, ya kwashe kaya, ya sa sabon kwaɗo, ba za a farga ba sai bayan watanni. Kyamarar da ba mai kallonta shaida ce bayan ɓarna, ba rigakafi ba.

Amma a yi adalci, na'ura ma tana da nata alherin. Tana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya fita, ba ta gyangyaɗi, ba ta karɓar na goro, ba ta mantawa ta tura saƙon tuni.

Sai mu koma kan su wa ke haya. Matar da ta zo da kayan mahaifinta kwana goma da rasuwarsa ba lambar sirri kaɗai take bukata ba. Tana bukatar wanda zai ce mata sannu, ya nuna mata ɗakin da ya dace, kada ta biya kuɗin da ya fi ƙarfinta.

Bashi da gwanjo

Nan ne wurin da ya fi zafi. Idan ɗan haya ya daina biya, ana toshe lambarsa ta get, a ƙara wani kwaɗo a kan nasa. Idan ya ci gaba da shiru, dokokin jihohin Amurka sun ba mai wurin damar yin gwanjon kayan, bayan ya aika sanarwa ya kuma jira wa'adin da doka ta gindaya. Masu kallon shirin Storage Wars, wanda aka fara nunawa a 2010, sun ga irin wannan gwanjon, ko da yake talabijin ta ƙara masa gishiri. Kowace jiha da nata sharuɗɗan, kuma dokar tarayya ta hana sayar da kayan sojan da ke bakin aiki sai da izinin kotu. Manhaja na taimakawa wajen kiyaye ranaku. Amma idan aka shigar da lambar ɗaki ba daidai ba, aka sayar da kayan wanda ya biya, hotunan aurensa da takardun makarantarsa sun tafi ke nan, kamfani kuma sai kotu. Kafin a yanke kwaɗon kowa, dole mutum mai ido ya tsaya ya tabbatar.

Saboda duk wannan, kamfanoni da yawa sun ɗauki tsaka-tsaki: manaja ɗaya a babban reshe, yana zagaya ƙananan rassan da ke kusa, intanet da cibiyar waya kuma su riƙe dare da ranakun hutu.

Idan a nan gida ne fa?

Hayar sito ba baƙuwa ba ce a wajenmu, ku tambayi 'yan Kantin Kwari ko 'yan hatsin Dawanau a Kano. Amma duk wanda zai kwaikwayo tsarin nesa, ya fara amsa tambaya uku. Idan aka ɗauke wuta, me zai buɗe get? Idan sabis ya ɗauke, yaya kwastoma zai kai ga kayansa? Idan kyamara ta hango ɓarawo ƙarfe biyu na dare, wa zai iso cikin minti goma? In amsar ita ce sola, batir da mai gadi, to a sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko. Ni a ganina, abin da za mu fara ɗauka shi ne rabin tsarin: biya ta banki, rijistar 'yan haya a kwamfuta, yarjejeniya a rubuce, sannan mutum a bakin get.

Darasin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, aikin da na'ura ta fara cinyewa shi ne na zama a tebur ana rubuta rasit. Wanda ya rage shi ne na mai iya karanta rahoton manhaja, ya san doka, ya iya magana da mutumin da ransa ya ɓaci. Lokacin SIWES, ku nemi koyon waɗannan.

Aikin gida

1. Wuri mai ɗakuna 250, an kama 200, kowanne dala 80. Idan tsarin nesa zai rage dala 2,000 a wata, 'yan haya nawa za su tashi kafin ribar ta ƙare? Kashi nawa ke nan cikin 100?

2. Bambanta hayar wuri da ajiyar amana, ka faɗi wanda asara ke hawa kansa a kowanne.

3. Da za ka buɗe ɗakunan ajiya 30 kusa da makaranta don kayan ɗalibai lokacin hutu, wace hanya za ka bi, kuma me ya sa?

A miƙa amsa a ofishin ƙungiyar ɗalibai, za mu buga wadda ta fi gamsarwa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.