Shin Ana Gadon Ƙarin Fanshon da Aka Samu ta Hanyar Jinkirta Karɓa a Birtaniya?

A Birtaniya, wanda ya kai shekarun karɓar fanshon gwamnati yana da damar jinkirta karɓa domin a ƙara masa abin da zai riƙa samu duk mako. Abin tambaya shi ne, idan rai ya yi halinsa, matarsa ko mijinta zai gaji wannan ƙari? Amsar ta rataya ne a kan rana guda, wato 6 ga Afrilu, 2016, lokacin da sabon tsarin fansho ya fara aiki.

Wanda ya kai shekarun fansho kafin wannan rana yana ƙarƙashin tsohon tsari. Ana ƙara masa kashi 1 cikin 100 a duk mako 5 da ya jinkirta, wato kashi 10.4 a shekara. Abokin aurensa na iya gadon ƙarin bisa sharuɗɗa: aure yana nan lokacin rasuwar, kuma wanda aka bari bai sake aure ba kafin shi ma ya kai shekarun fansho, domin sai a lokacin za a fara biyansa. Idan mamacin ya rasu bai karɓa ba bayan jinkirin shekara guda ko fiye, magajin zai zaɓi ko a ba shi kuɗin a dunƙule ko a riƙa biyansa mako-mako.

Amma wanda ya kai shekarun fansho daga wannan rana zuwa gaba, ƙarinsa kashi 1 ne a duk mako 9, kusan kashi 5.8 a shekara, kuma ba a gadonsa. Da zarar ya rasu, ƙarin ya tafi tare da shi.

Ga misali, a ce fanshon mutum fam 200 ne a mako. Idan ya jinkirta shekara guda, ya haƙura da fam 10,400 ke nan, ya samu ƙarin kimanin fam 600 a shekara. Sai ya rayu kusan shekara 17 yana karɓa kafin ya mayar da abin da ya bari. In ya rasu kafin nan, asarar ta faɗa kan iyalinsa. A tsohon tsari kuwa, kimanin shekara 10 ta isa, ga kuma gado.

Wannan ya shafi ’yan Nijeriya da suka yi aiki a Birtaniya suka biya kuɗin inshorar ƙasa. Su lura cewa wanda ya dawo gida da zama, ba a yi wa fanshonsa ƙarin da ake yi duk shekara a can.

Saboda haka, kafin a yanke shawarar jinkirtawa, ya kamata mutum ya tabbatar da tsarin da yake ciki daga Ma’aikatar Ayyuka da Fansho ta Birtaniya, ya kuma dubi lafiyarsa da halin da zai bar iyalinsa.