Obalende, Unguwar Sojan Hausa a Birnin Ikko

Titin nan da ya ratsa Tambuwal, wanda motocin albasa da na shanu ke bi dare da rana, in ka bi shi ta Jega da Yawuri da Kwantagora, ka haye gadar Jabba, ka wuce Ilori da Badun, ba zai aje ka ba sai Ikko. Da wuya ka shiga gida a Tambuwal ko Kebbe ka rasa wanda ya taɓa bin wannan hanya cin rani. Shi ya sa sunaye irin su Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da Obalende suke bakinmu kamar sunayen ƙauyukanmu. Sunan dai muka sani, da lambar wayar ɗan uwan da ke can. In aka ce yaya aka yi unguwar ta kafu, sai a yi shiru. Na zaɓi Obalende ne saboda a can na zauna wata huɗu lokacin horon sanin makamar aiki, wurin kawuna mai shayi, kuma duk ɗalibin tsara birane zai sami abin karatu a cikinta.

Mu fara da inda take. Tsohon garin Legas tsibiri ne, a bakin wani babban tafki da ya haɗe da teku, kuma ta wannan mashiga jiragen ruwa ke shiga tashoshin Apapa da Tin Can. Asali tsibirin Legas da Ikoyi ƙasa ɗaya ce a haɗe. A zamanin Gwamna William MacGregor, wanda ya riƙe Legas daga 1899 zuwa 1904, aka haƙa hanyar ruwa da ta raba su, don a tsotse fadamu a rage sauro. Obalende tana gaɓar wannan hanyar ruwa ta ɓangaren Ikoyi. Wato ta yamma ga cunkoson tsohon gari, ta gabas ga unguwar da Turawa suka keɓe wa kansu. Ka riƙe wannan a ranka, don kusan duk halin unguwar daga nan ya samo tushe.

Saboda tashar jiragen ruwa Ingila ta ƙwallafa rai a kan Legas. Ta yi wa garin ruwan wuta a 1851, sannan a ranar 6 ga Agusta 1861 Sarki Dosunmu ya sa hannu ya miƙa shi. To, an karɓi gari, da wa za a riƙe shi? Sojan Ingila zazzaɓi ba ya barin su. Nan ne wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya shigo labarin. Shi wannan mutum ya san hanyarmu, domin a 1857 jirginsu ya fashe a kan duwatsun Jabba, dole ya bi ta ƙasa zuwa Legas. A 1863 ya tara 'yan Arewa kaɗan ya ba su bindiga da albashi, aka riƙa kiran su Hausawan Glover. Daga wannan 'yar runduna sojan Nijeriya na yau suke lissafa farkon tarihinsu.

Su wane ne waɗannan Hausawa? Nan ne wurin da ba a cika son tsayawa ba. Mafi yawansu bayi ne. Mutanen da aka kama a yaƙe-yaƙe da hare-haren ƙasashenmu, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har suka faɗa gidaje da gonakin Yarbawa. Wanda ya sami hanya ya gudu ya shiga Legas, ya sa kaki, ubangijinsa ba ya iya taɓa shi kuma. Ba dukansu ne Hausawa ta jini ba, akwai Nufawa da Barebari da wasunsu, harshen Hausa ne ya haɗa su, kuma shi ya zama harshen bariki. Wanda aka sayar da shi daga gida, ba wani abin mamaki ba ne in ya ba da amanarsa ga wanda ya ba shi 'yanci. Sun bi Glover yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, sun yi yaƙin Ijebu a 1892. Daga baya aka zuba su cikin babbar rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, wadda reshenta na Arewa ya ci Sakkwato a filin Giginya ranar 15 ga Maris 1903. Mu da aka rene mu da labarin Giginya, wannan gaɓa tana da ɗaci, amma sai da ita labarin yake cika.

Labarin da mutanen unguwar suka fi bayarwa game da sunan shi ne, da can sojan suna zaune ne kusa da filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, wajen da aka gina makarantar King's College a 1909. Da aka buƙaci filin sai aka tashe su, aka tura su hayin ruwa. Obalende da Yarbanci na nufin sarki ne ya koro mu nan. Unguwa ce da ta fara da kora, ta kuma sa wa kanta sunan korar.

Me ya sa aka aje su nan ba wani wuri ba? A dokar tsara garuruwa ta zamanin Lugga, ana barin fili na yadi 440 babu gini tsakanin mazaunin Turawa da na baƙar fata, wai don kada sauro ya ɗauki zazzaɓi daga wannan ya kai wa wancan. Amma Bature yana son mai gadi da kuku da boyi da direba a kusa. Ba ya son su a cikin unguwarsa, ba ya kuma son su yi nisa. Duk inda ka ga unguwar Turawa a ƙasar nan, duba gefenta, za ka ga wata matsattsiyar unguwa da ke yi mata hidima. Obalende ita ce ta Ikoyi. Har yau haka abin yake, sai dai masu gidajen Ikoyi sun canza launi. Da asuba za ka ga ayarin masu gadi da masu shara da 'yan aike suna shiga, da magariba suna fitowa. In kana son misalin da ya fi kusa, dubi Sabon Garin Kano: can an aje baƙi 'yan Kudu a wajen ganuwa, nan an aje baƙi 'yan Arewa a hayin ruwa. Hannu ɗaya ya zana su.

Kaki bai taɓa barin unguwar ba. Akwai barikin 'yan sanda, akwai kuma barikin Dodan a kan titin Ribadu. Da yawa daga mutanenmu suna jin sunan sai su ɗauka dodo ake nufi, kuma wallahi da ka ga yadda ake tsoron wurin a zamanin soja ba ka ga laifinsu ba. Sunan wani fagen daga ne a ƙasar Bama, inda sojan Afirka ta Yamma suka yi faɗa a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1966 har zuwa 12 ga Disamba 1991, ranar da Babangida ya koma Abuja, daga nan aka riƙa juya Nijeriya. Maƙwabcinmu marigayi Shehu Shagari ma a nan titin Ribadu ya zauna daga 1979 zuwa 1983. A kan hanyar zuwa wannan bariki aka harbe Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, kuma a kansa 'yan juyin mulkin Orkar suka yi ta luguden wuta ranar 22 ga Afrilu 1990. Mai tsiren Obalende na wancan zamani kan riga gidan rediyo sanin an yi juyin mulki.

Tunda na ambaci tsire: a Legas suya suke ce masa, kalmarmu ce suka ɗauka suka ba ta sabon aiki, kuma suyar Obalende ta yi suna a ƙasar baki ɗaya. Akwai titin da ake kira Moshalashi, wanda ba komi ba ne illa masallaci a bakin Bayarabe. Ga kuma tsofaffin makarantun mishan irin su St Gregory's ta 1928. Unguwa ce da ba ta barci. Gadojin sama sun bi ta kanta, a ƙarƙashinsu ga tashar motocin ɗanfo da ke kwasar mutane zuwa kowane lungu na birnin. Duk wanda zai tsallaka daga tsohon gari zuwa Ikoyi, ko ya fito daga doguwar gadar nan ta uku da aka gama a 1990, kusan dole ya bi ta nan. Inda jama'a ke sauka su canza mota, nan mai shayi da mai gyaran takalmi da mai yankan farce da mai canjin kuɗi suke cin abinci. Hanyar ruwan MacGregor kuwa, shara da gine-gine sun shaƙe ta, in an yi ruwan sama mai ƙarfi sai ta amayo abin da aka zuba mata cikin tituna.

Wani dare bayan an tashi daga teburin shayi kawuna ya ce da ni, "Ɗana, wurin ga Hausawa sunka sare shi, amma ko taki guda ba mu da shi." Maganarsa tana da gaskiya, tana kuma da gyara. Waɗanda suka sare wurin sun zo ne ba da niyyar komawa ba, don ba su da gidan da za su koma. Suka yi aure a nan, suka yi gini, suka haihu. Na haɗu da dattawa a masallaci da ke cewa kakansu daga Arewa ya fito, amma Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba, Yarbanci ne a bakinsu, kuma 'yan Legas ne cikakku. Mu kuwa na yanzu zuwan cin rani muke yi. Mutum ya shekara ashirin yana zuwa yana dawowa, ya gina gida a Dogon Daji ko Kuchi, ya sayi shanun huɗa, ya aurar da ƙanne, amma a Obalende makwancinsa benci ne a bayan shago, ko baranda, ko ɗaki guda da mutum takwas.

Ban ce wannan wauta ba ce. Lissafi ne, kuma kuɗin haya a wurin ba wasa ba. Sai dai lissafin yana da tsada ta wani gefen. Tun dokar filaye ta 1978, wadda ita ma daga barikin Dodan ta fito, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, kuma wanda ba shi da takardar fili ko ta haya ba shi da bakin magana ran da aka zo rusau. Ba a lissafa shi in ana ƙidayar masu buƙatar ruwa da ban-ɗaki da asibiti, saboda a takarda ba ya nan. Da gwamnatin Legas ta hana acaba a wasu yankuna daga 1 ga Fabrairu 2020, Ikoyi da Obalende suna ciki, aka kuma ƙara tsananta dokar daga 1 ga Yuni 2022. Gwamnati ta kawo hujjar haɗurra da tsaro, kuma ba hujjar banza ba ce. Amma samarin da abin ya fi shafa, galibinsu 'yan Arewa, babu wani teburi da aka zaunar da su. Wasu suka koma unguwannin bayan gari, wasu suka koma turin kurar ruwa, wasu suka ɗora baburan a bayan tirela suka yo gida.

Ga 'yan uwana masu neman abin da za su yi bincike a kai a shekarar ƙarshe, ga fili nan a buɗe, kuma ba sai an je Ikko ba. A Tambuwal da Kebbe za a iya bi gida-gida a tambaya: mutum nawa ke tafiya, wace unguwa suke sauka, wa ke karɓarsu, ina suke kwana, nawa suke turowa, me ake yi da shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, daga watan Yuni, sa'ad da masu cin rani suke dawowa shuka. Kawuna ma lokacin yake miƙa wa ƙanensa tebur da butoci da bencin kwanan, ya hau motar da ta sauke albasa a Mile 12.