Harshen Cinikin Gwanjo da Haƙƙin Mai Saye: Darasi Daga Abbaganaram

1.0 Gabatarwa

A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri, irin ambaliyar da ba a gani ba tun ta 1994. Unguwar Abbaganaram na cikin wuraren da ruwan ya shiga gidaje da shaguna. Da ruwa ya janye, sai mutane suka fito da abin da ya saura: katifu, firji, janareta, keken ɗinki. Wasu an shanya an ci gaba da amfani da su, wasu kuwa dole ta sa masu su sun kai kasuwa. A cikin wannan watan ne hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Gamboru, saboda an samu ana wanke magungunan da ruwa ya ci, ana shanyawa, ana sake sayarwa.

Wannan maƙala za ta duba tambaya guda: idan mutum ya sayi kaya na hannu, daga baya ya tarar da aibi, mene ne haƙƙinsa? Za mu ga cewa amsar ta rataya ne a kan kalmomin da aka furta lokacin ciniki. Ke nan batun ya shafe mu ɗaliban harshe kai tsaye.

2.0 Sunayen Kayan

Kafin mu shiga batun haƙƙi, ya kamata mu san sunayen da ake kiran irin waɗannan kaya da su, domin kowane suna akwai abin da yake gaya wa mai saye.

(a) Gwanjo: asalin ma'anarsa sayarwa ga wanda ya fi tayi. Yarbawa ma suna da kalmar gbanjo da wannan ma'ana. A yau ma'anar ta faɗaɗa zuwa tsofaffin kaya, musamman tufafi.

(b) Na hannu: abin da ya taɓa zama a hannun wani, kamar mota ko waya.

(c) Kwance: tufar da wani ya sa ya cire, ya bayar ko ya sayar.

(d) Tokumbo: aro ce daga Yarbanci, sunan da ake raɗa wa yaron da aka haifa a ƙasar waje. An mayar da shi sunan motar da aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka.

(e) Okirika, Beljiyam da 'yar Kwatano: duka sunayen wurare ne da kayan ke biyowa, suka zama sunan kayan.

A lura, wanda ya ce injinsa Beljiyam ne ya yi iƙirari biyu a kalma ɗaya: an yi amfani da shi, amma ba a nan ƙasar ba. In ta bayyana cewa a Maiduguri ya tsufa, aka yi masa fenti, to wannan kalma ɗaya ta zama ƙarya, ta kuma zama hujjar mai saye.

3.0 Magana Ita Ce Ciniki

Masanin falsafar harshe J. L. Austin, a littafinsa da aka buga a 1962, ya nuna cewa wasu maganganu ba labari suke bayarwa ba, aiki suke aikatawa. Kasuwar Bahaushe cike take da irinsu. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce “albarka”, ya ƙi ke nan. In ya ce “na sallama”, mallaka ta tashi daga hannunsa ta koma hannun wani, ko da kuɗi bai shiga aljihu ba tukuna. Daga nan sai a ce ciniki ya faɗa.

To amma tsakanin tayi da sallamawa akwai wasu maganganu masu santsi. A ƙaddara wata uwa ta je sayen firji na hannu a Abbaganaram don ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo:

“Alhaji, wannan lafiyarsa ƙalau?”

“Hajiya, ga shi kina gani, yana tashi.”

“Ruwa bai taɓa shi ba dai ko?”

“Ni dai haka aka kawo mini shi.”

Duk amsoshin biyu ba a kama Alhaji da ƙarya a lafazi ba. An tambaye shi lafiya, ya amsa da tashi. An tambaye shi ruwa, ya amsa da yadda aka kawo. Amma Hajiya ta tafi da fahimtar cewa firjin lafiya lau yake. Wannan shi ne abin da H. P. Grice ya yi bayani a 1975: mai sauraro yana ɗauka amsa ta dace da tambaya, don haka yakan fahimci fiye da abin da aka furta. A Maiduguri lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin sau da yawa Babarbare da Bashuwa da Babur da Hausa suke ciniki, alhali ba ita ce harshen uwa ga ko ɗayansu ba.

4.0 Matsayin Shari'ar Musulunci

Wani hadisi da ke cikin Sahihu Muslim ya ba da labarin Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma yi kakkausan gargaɗi a kan algus. Mutumin nan bai furta ƙarya ba, ɓoyewa ya yi. Ita kanta kalmar algus daga Larabci muka aro ta.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, littattafai irin su Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Halil sun haramta ɓoye aibi, sun kuma ba mai saye zaɓi: ya riƙe kayan yadda suke, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Sharuɗɗan su ne:

(i) Aibin ya kasance tsoho, wato yana nan tun kafin ciniki.

(ii) Ya kasance mai saye bai san da shi ba lokacin saye.

(iii) Ya zama yana rage darajar kayan a idon masu sana'ar.

(iv) Kada mai saye ya ci gaba da amfani da kayan bayan ya gano aibin, domin hakan alamar yarda ce.

Idan mayarwa ta gagara, misali kayan sun lalace gaba ɗaya kafin a gano tsohon aibin, sai a ƙiyasta ragi. In masu sana'a suka ce firjin mai lafiya ya kai naira 80,000, mai aibi kuwa 60,000, to rubu'in kuɗin da aka biya zai dawo. Haka kuma cewar mai kaya “babu ruwana da duk abin da ya fito” ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya yi shiru a kansa.

5.0 Matsayin Dokar Ƙasa

Tsohuwar ƙa'idar Ingila da Nijeriya ta gada ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta sauya wannan sosai. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar CPC ta 1992. Sassa uku sun fi shafar mu.

Sashe na 117 ya wajabta wa ɗan kasuwa ya sa sanarwa bayyananna a jikin kayan da aka taɓa amfani da su, ko aka yi wa kwaskwarima. Sashe na 132 ya ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da suka gaza ingancin da doka ta gindaya, a gyara masa, ko a sauya, ko a ba shi kuɗinsa. Sashe na 114 kuwa ya ce bayanin da ake yi wa mai saye ya kasance cikin harshe mai sauƙin fahimta. Hukumar ta sha nanata cewa rubuta “ba a dawo da kaya” a rasit ba ya soke haƙƙin da doka ta bayar.

Sai dai a yi adalci ga mai kaya. Tsufa daban, ɓoyayyen aibi daban. Wanda ya sayi wayar hannu mai shekara huɗu a wurin 'yan jagwal ya san batirinta ba zai yi kamar sabo ba, kuma arhar da ya samu ladan wannan ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne wayar ta faɗa ruwa, a busar da ita, a yi gum.

6.0 Abin Yi

Na farko, a yi tambayar da ba ta da mafita sai “i” ko “a'a”: ruwa ya shige shi? An taɓa buɗe shi? Na biyu, a mayar da alkawari lamba. “In ya ba da matsala ki dawo” ba ta da iyaka, amma “kwana bakwai” tana da ita. Na uku, a rubuta a rasit, da boko ko da ajami, a gaban shaida, dillali ma ya isa. Na huɗu, da zarar aibi ya bayyana a daina amfani, kada a kai wa wani mai gyara ya kwance, a koma wurin mai kaya. In ya ƙi, sai shugabannin kasuwa ko bulama, domin sulhu ya fi arha. In abin ya faskara, ga kotu, ga kuma FCCPC.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa shari'a da dokar ƙasa sun haɗu a wuri ɗaya: sayar da tsohon abu halal ne, ɓoye aibinsa ne laifi. Matar da ta zuba jarinta a firji ba ta da wani makami sai abin da aka gaya mata da wanda ya ji. Saboda haka ga aiki gare mu. Kowane ɗalibi ya je kasuwar unguwarsu, da izinin masu ciniki, ya rubuta hirar ciniki guda biyar, ya ware tambayoyin da aka amsa da waɗanda aka kewaye. Sannan a gwada fassara sassan nan uku zuwa Hausa da Barbarci yadda mai talla zai gane. Hausawa na cewa magana jari ce. A kasuwar gwanjo kuwa, wani lokaci ita ce kaɗai ke dawo da jarin.