Ruwan Alwala da Ƙishin Maƙwabci: Darasi daga Tchibarakaten

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da Sahibul Faila Maulanmu Shehu Ibrahim Inyass.

Bayan haka, duk ɗan ɗariƙa ya san hukuncin Jauharatul Kamali a cikin wazifa. Ba a karanta ta sai da tsarkin ruwa, a wuri mai tsarki. Wanda ya yi taimama sai ya kawo Salatul Fatihi ƙafa 20 a madadin Jauhara ƙafa 12. A Damagaram ko Yamai ko Kano, wannan mas'ala ce da muridi yake haddacewa ya ajiye, ba ya waiwayarta sai ranar rashin lafiya ko doguwar tafiya. A Tchibarakaten kuwa mas'ala ce ta kowace yamma.

Ga wanda bai san wurin ba, Tchibarakaten tana can ƙuryar arewacin jihar Agadas, dab da iyakar Aljeriya, ɗaruruwan kilomita daga Arlit. A 2014, shekarar da labarin zinariyar Jado ya bazu, nan ma mutane suka fara kwararowa. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017, da yawa daga masu tonon can suka dawo nan. Akwai Abzinawa, Hausawa, Tubawa, Zabarmawa, Larabawa, ga 'yan Sudan da Cadi da Najeriya. Garuruwanmu na asali kakanni sun kafa su a bakin ruwa, amma nan zinariya ce ta tara jama'a a inda babu ruwa. Rijiyoyi ba sa ƙirguwa, sai dai dutse ake fitarwa daga cikinsu. Ruwan sha motocin tanki ke ɗauko shi daga nesa, a sayar da shi bido-bido. In mota ta lalace a hanya ko ta yi jinkiri, farashi ya tashi, kowa ya fara duban bidonsa da wani ido. Ni ɗalibi ne, ina zuwa can a dogon hutu in taya kawuna tsaron rumfa, kuma a ƙaramar zawiyar da 'yan uwa suka kewaye da duwatsu nake yin wazifa.

To, ga tambayar. Muridi yana da ruwan da bai wuce na alwala ɗaya ba, yana kwaɗayin Jauhara, kuma ya san falalar da aka ambata mata. A bukkar da ke kusa da shi ga wani lebura kwance da zazzaɓi, bidonsa ya bushe, bai san shi ba, wataƙila ma ba yarensu ɗaya ba. Ina ruwan nan ya kamata ya je?

Fiƙihu ya riga ya amsa. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu da sharhohinsa, sun sanya tsoron ƙishirwar wani rai mai alfarma da ke tare da kai a cikin dalilan taimama, mutum ne ko dabba. In ana tsoron halaka, bayar da ruwan wajibi ne. Sun kuma yi bayani cewa ba a tilasta wa mutum sayen ruwan alwala in an tsawwala kuɗinsa fiye da yadda aka saba, ko in yana buƙatar kuɗin don abincinsa. Wannan a sallar farilla ke nan, balle wuridi. Ɗariƙa ita ma ta ajiye madadi tun farko, don kada wani ya ce Jauhara ce ta hana shi shayar da mai ƙishi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hadisan tausayi suke yawan zagayowa kan ruwa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito ya tarar da kare yana lasar ƙasa don ƙishi. Sai ya sake komawa cikin rijiyar, ya cika huffinsa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da karen, Allah Ya gafarta masa. A gida muna jin wannan hadisi tun muna makarantar allo, amma sai da na ga mutum yana sauka rami da igiya na gane nauyin komawar nan ta biyu. Saukar farko don kansa ya yi, kowa zai yi. Ta biyun, ya riga ya ƙoshi, ya riga ya fito, babu mai kallonsa, kuma wanda zai yi dominsa ba zai iya ce masa an gode ba. A cikin littattafan biyu kuma akwai gargaɗi mai tsanani a kan mutum uku da Allah ba zai yi magana da su ba ranar ƙiyama, ɗayansu shi ne mai rarar ruwa a daji da ya hana matafiyi. Sa'adu ɗan Ubada (RA) da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa. Waɗannan hadisai a ƙasa irin wannan aka faɗe su, ga mutanen da suka san ƙishi. Mu da muka tashi kusa da famfo ne muke buƙatar sharhi.

Cutar da ta fi yawa a wurin tonon zinariya, bayan tari da ciwon ƙirji, ita ce bushewar zuciya. Ba don mutanen wurin miyagu ba ne. Yawancinsu sun bar iyali da bashi, wani ya sayar da gona ko bisashe ya yi kuɗin mota. A rijiyoyi da yawa ba albashi ake biya ba, kaso ne, in an samu a raba, in ba a samu ba an yi aikin wata da watanni don abinci kawai. Mutum yana ganin wanda suka zo tare ya sayi mota, shi ko kuɗin kiran gida ba shi da su. Yana ganin rami ya rufta da wani, a yi jana'iza da hantsi, da la'asar a koma aiki. Ga tsoron 'yan fashi a hanya, har ya zama ba a son fita da kaya sai cikin ayari da rakiyar sojoji. Wanda ya daɗe cikin wannan hali yakan koyi rufe ido don ya iya ci gaba, kuma idon da aka saba rufewa ga wahalar wani ba ya buɗewa da sauƙi a cikin zikiri. Za ka ji ɗan uwa yana cewa lazimi bai taɓa wuce shi ba, amma ya daina jin komai a cikinsa.

Wannan kuka ba sabo ba ne. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa wani mutum ya kai wa Manzon Allah (SAW) ƙarar ƙeƙashewar zuciyarsa. Maganin da aka ba shi shi ne ya shafi kan maraya, ya ciyar da miskini. Ku lura, 'yan uwa, mai ciwon ne aka tura ya yi wa wani hidima. Mu a tunaninmu sai zuciya ta yi laushi sannan hannu ya miƙa. Hadisin ya nuna hannu ne ke fara tafiya, zuciya ta biyo shi daga baya.

Na ga an yi aiki da wannan. Akwai wani saurayi da abokin aikinsa ya rasu a cikin rami, shi yana sama riƙe da igiya. Daga ranar barci ya ƙaurace masa, ya daina magana, in an taɓa shi sai faɗa. Ya zo wurin muƙaddaminmu, wani dattijo mutumin Tawa, yana neman a ba shi wani sirri da zai riƙa ja. Malam ya ce ya riƙe laziminsa kamar yadda yake, kada ya ƙara kome. Sai ya ba shi bido guda, ya ce kullum kafin wazifa ya zaga wurin 'yan uwa, kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa, ya kai wa waɗanda ciwo ya kwantar, waɗanda ba sa iya sauka rami, don haka ba su da kaso. Ya ce kada ya ajiye ya juya, ya zauna har su sha, ya tambayi sunansu da garinsu. Saurayin bai ji daɗi ba, a ganinsa an raina matsalarsa. Amma ya yi, don ladabi. Kafin hutuna ya ƙare, shi ne ya san wanda ya kwana da zazzaɓi, da wanda ya kamata a haɗa wa kuɗin mota zuwa asibitin Arlit. Bai warke sarai ba, har na taho yana firgita cikin dare. Amma ya dawo cin abinci da mutane, kuma ya samu dalilin tashi da safe wanda ba zinariya ba. Shekarar da ta biyo na tarar ya ɗora wasu yara biyu a kan aikin, yana yi musu faɗa in sun ajiye ruwa sun tafi ba su zauna ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Wanda firgici ya hana barci wata da watanni, ko yake jin ya gaji da rayuwa, yana buƙatar likita, kuma kai shi wurin likita yana cikin tausayin. Abin da Malam ya yi shi ne ya hana yaron kulle kansa a ɗaki shi da baƙin cikinsa.

A nan ne koyar da tausayi ya bambanta da wa'azi a kansa. Malaman hadisi suna da wata al'ada mai kyau: hadisin farko da malami yake jiyar da ɗalibinsa shi ne hadisin rahama, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru (RA), mai nuna cewa masu jin ƙan na ƙasa su ne Mai rahama yake jin ƙai. Ana kiransa Musalsal bil Awwaliyya, domin tun daga Sufyanu ɗan Uyaina, wanda ya rasu a 198 bayan hijira, kowane mai ruwaya yana cewa shi ne farkon abin da ya ji daga malaminsa. Kafin hukunci, kafin saɓani, da wannan ake buɗe wa ɗalibi ƙofa. Shehu Tijjani (RTA) shi ma, a cikin wasiƙunsa da Sidi Aliyu Harazimi ya tara a Jawahirul Ma'ani, ya kwaɗaitar da almajirai yin sadaka kullum komai ƙanƙantarta, kuma barin yanke hulɗa da bayin Allah yana cikin sharuɗɗan da muka karɓa ranar da aka yi mana talƙini. Mukan tsananta wajen tambayar sabon shiga ko ya bar ziyarar wasu waliyyai, amma ba kasafai muke tambayarsa wa yake gaba da shi ba. A Kiota, hidimar da Sayyida Ummul Hairi Inyass ta shafe shekaru tana yi wajen karantar da mata da 'yan mata da tallafa musu ta isa nuna mana cewa a gidan faila ma'arifa ba ta tsaya a kan buzu ba.

Wani zai ce, a wuri irin wannan mai tausayi shi ake cuta. Akwai gaskiya a ciki. An ci bashin mutane an gudu, an yi ƙaryar ciwo an karɓi taimako. Kawuna yana da littafin bashi da rabinsa ba zai taɓa dawowa ba, kuma ban ga laifinsa ba da ya daina bai wa wasu. Tausayi bai hana ka rubuta bashi ba, bai hana ka ƙin wanda ya saba yaudara ba. Amma ruwan sha ga mai zazzaɓi ba a bincikar halinsa. Kuma wanda ya fi kowa buƙatar wannan darasi shi ne mai rijiya, ba lebura ba. Ɗan uwan da yake zama sahun gaba a zikirin Juma'a, alhali yana tura yara rami da ruɓaɓɓiyar igiya, ko yana cire kuɗin magani daga kason wanda ya ji rauni a aikinsa, ya sani farin ƙyallen wazifa ba zai rufe masa wannan ba.

Mu ɗalibai muna da namu kason. Ƙurar dutsen da ake fasawa tana taruwa a huhu, tana kawo ciwon da ba ya warkewa, kuma sau da yawa sai mutum ya koma gida da shekaru yake bayyana. Jiƙa dutse kafin a huda shi, rufe hanci da abin kariya na ƙwarai, jinkirta sauka bayan an tayar da nakiya har hayaƙi ya fita, nisantar hayaƙin zaiba lokacin da ake ƙona ta don fitar da zinariya, duk waɗannan a aji muka ji su, mai tono bai ji ba. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara, iyayensu ba su san abin da ke cikin ƙurar ba. Minti biyar bayan wazifa, da Hausa, wani ya mayar da Tamashek ko Larabci, ya isa a faɗi ɗaya daga cikin waɗannan. Na san jiƙa dutse ma ruwa yake ci, kuma mai rijiya zai yi lissafinsa. Sai a gaya masa a gaban jama'a, cikin ladabi, cewa huhun yaran amana ne a hannunsa.

Akwai kuma wani aiki da ba ya cin ko kofi ɗaya. Mutane da yawa a can da laƙabi aka san su, Ɗan Maraɗi, Dogo, Basudane. In ajali ya zo, a binne mutum, uwarsa tana can tana jiran waya, matarsa ba ta san ko ta fara takaba ba. Kowace zawiya a wuraren tono tana iya ajiye littafi guda a hannun muƙaddami, a rubuta cikakken sunan duk wanda ya yarda, da garinsu, da lambar wani nasa, ko ɗan ɗariƙa ne ko ba shi ba ne. A tamu an fara da littafin makaranta mai shafi ɗari, ana ajiye shi cikin leda saboda ƙura, kuma an riga an buɗe shi sau biyu don a kira gida.