Darasi: Ɓera, Rumbu Da Zazzaɓin Lassa

Darasinmu na yau a kan zazzaɓin Lassa ne, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno.

Ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, shi kuwa ba ta kwantar da shi. Fitsarinsa da kashinsa ke zuba a hatsi ko garin da aka shanya a ƙasa. An fi samun cutar da rani. Takan ɗauki har kwana 21 kafin ta bayyana, kuma ta fi haɗari ga mai juna biyu.

To kin ga likita shi kaɗai ba zai iya ba. Ko ya warkar da majinyaci, in ya koma gida ɓeran na nan, juji ma na nan. Shi ya sa a 2019 ma'aikatun lafiya da noma da muhalli na Nijeriya suka ƙaddamar da shirin aiki tare: likita na jinya, masana dabbobi na bibiyar ɓeraye, duba-gari na kula da shara.

Ke fa? Ki adana hatsi a mazubi mai murfi, ki toshe ramuka, a nisanta juji da madafa. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da rufe ƙorai da dare. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a garzaya asibiti, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Allah Ya kiyashe mu, amin.